Kasuwar kayan tiyata a Najeriya: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Na yi shekaru ina aikin nas a ɗakin tiyata kafin na koma sana'ar kai wa asibitoci kaya a Kano da kewaye, kuma tun daga lokacin kusan tambayoyi iri ɗaya ake ta min. Wani likita ne zai buɗe ɗan asibitinsa, wani ɗan kasuwa ne yaji ance akwai kuɗi a harkar, wani kuma matarsa aka rubuta wa CS, wato tiyatar ciro jariri, aka miƙo masa takardar kaya ya rasa gane kanta. Na gaji da maimaitawa a waya shi yasa na tattara su waje ɗaya.

1. Wai meye kayan tiyata ɗin ne, ba wuƙa da almakashi ba ne kawai?

Ina, sun fi haka nesa ba kusa ba. Mu a kasuwa kashi uku muke raba su. Akwai ƙarafa waɗanda ake wankewa a dafa a sake amfani da su, irin su almakashi, hantsakin kama jijiya, mariƙin allura, da ƙarfen da ake buɗe ciki da shi a riƙe. Akwai na yarwa, wato anyi amfani da su sau ɗaya shikenan sai bola: zaren ɗinki, reza, safar hannu, gos, kateta, robar ƙarin ruwa, allurar kashin baya, ragar da ake sa wa mai ƙaba. Sai manya, injina kenan, gadon tiyata, fitila, injin sa barci, injin zuƙe jini, dayatami mai ƙona jijiya ya tsayar da jini, da otokilef tukunyar da ake dafa ƙarafan.

Ka riƙe wannan rabon a kanka don duk sauran amsoshin a kansa suke tafiya, kowanne kashi da irin ribarsa da irin ciwon kansa.

2. Daga ina ake kawo su? Akwai wanda ake yi a gida?

Kusan duka daga waje. Ƙarafan da zaka gani a yawancin asibitocinmu daga Siyalkot suke, wani gari a Pakistan da ya shahara da ƙira tun tuni, duniya gaba ɗaya tana saye a wajensu. Masu tsadar kuma daga Jamus, akwai wani ƙaramin gari Tutilingen, nan kamfanonin Aesculap da Karl Storz suke. Zare mai suna na Ethicon ne, reshen Johnson & Johnson, amma yanzu na Indiya da na Chana sun cika kasuwa. Injin sa barci da allon duba bugun zuciya kuwa Mindray na Chana ya shiga ko'ina, ka leƙa asibitoci goma da wuya ka rasa shi a rabinsu.

Na gida, gaskiya kaɗan ne. Ana yin sirinji, ana yin auduga da bandeji, masu walda kuma suna ƙera gadon ɗaukar mara lafiya da sandar rataye ƙarin ruwa da teburin jera kaya, kuma wasunsu wallahi sun iya. Amma ko sirinjin ma ba a tsaye yake da ƙafarsa ba, babbar masana'antar Jubilee da aka buɗe a Akwa Ibom a 2017 ta dakatar da aiki, labarin ya fito farkon 2024.

3. Me ya sa farashi ya haukace tun 2023?

Dala ce malam, ba wani aljani. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin nan a hukumance dala tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. To tunda kayan na waje ne kamar yadda na faɗa a tambaya ta 2, duk abin da dala tayi shi zare da safar hannu zasu yi. Ga cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano ya ninka.

Abin da mutane basu gane ba shi ne mu ba da farashin da muka sayo muke sayarwa ba, da farashin da zamu sake sayowa ne. A wancan lokacin sai da na koma ina kiran yaro a Wapa da safe inji nawa dala ta kwana kafin in rubuta wa asibiti farashi, kuma in rubuta a ƙasan takardar cewa na kwana uku ne kawai. Wani likita yayi fushi da ni sosai a kan haka yace na zama ɗan canji, bayan wata ɗaya shi da kansa ya ƙara kuɗin aikin afendis sau biyu. Yanzu dalar ta ɗan natsu amma farashin kaya bai dawo ba, kasan halin kasuwarmu, hawa da gudu sauka da rarrafe.

4. Ba ance shugaban ƙasa ya cire haraji a kan kayan asibiti ba?

An ce, kuma anyi. A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a wata dokar zartarwa ta shekara biyu da ta cire kuɗin kwastam da harajin VAT, ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ne ya sanar. Amma ka karanta da kyau, sassaucin na masu masana'anta ne, wato injinan ƙira da ɗanyen kayan da za'a haɗa magani ko sirinji ko allura a nan gida. Kai da zaka shigo da katan na almakashi ƙerarre daga Siyalkot ba kai aka nufa ba. Manufar ita ce a jawo masu ƙira su kafa a nan, akwai ma wani shiri na fadar shugaban ƙasa da ake kira PVAC wanda Dakta Abdu Mukhtar ke jagoranta, aikinsa kenan. Ko zai haifar da ɗa mai ido, na taɓa wannan a tambaya ta 13.

5. To kasuwar girma take yi ko raguwa?

Buƙata dai kam ba'a magana. Mutum sama da miliyan 200, ga haihuwa, ga hatsarin mota da na babur kullum, ga masu ƙaba da maƙoƙo da yoyon fitsari da suka shekara suna jiran aiki. A 2015 wani kwamiti na mujallar Lancet ya sa ma'auni cewa ya kamata kowace ƙasa tana yin tiyata 5,000 a shekara ga kowane mutum 100,000, kuma ta samu ƙwararru 20, likitocin fiɗa da na sa barci da na mata, ga wannan adadin. Mu ko kusa bamu je ba. Har tsari na ƙasa aka rubuta a kan tiyata na 2019 zuwa 2023.

Sai dai buƙata daban, kasuwa daban. Kasuwa sai da mai biya. A Najeriya sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya daga aljihun mara lafiya yake fita, to idan buhun masara ya gagari mutum aikin ƙaba zai jira har sai hanjin ya shaƙe an kawo shi tsakar dare. Dokar inshorar lafiya ta 2022 tace dole kowa ya shiga amma har yanzu mafi yawan masu ciki ma'aikatan gwamnati ne. Ga kuma tafiyar likitoci, shi ministan lafiya da bakinsa yace wajen 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun nan. Duk likitan fiɗa ɗaya da ya tafi Saudiyya ko Ingila, ni na rasa mai sayen zare na shekara talatin, haka nake lissafa shi ko da ba daɗin ji.

Abin da ya ɗan motsa kasuwar shi ne sanarwar Nuwamban 2024 ta yi wa mata marasa ƙarfi CS kyauta a asibitocin da aka zaɓa. Inda shirin ke aiki zaka ga odar zare da allurar kashin baya ta ƙaru.

6. Wanne kaya ya fi tafiya?

Na yarwa, ba tantama. Gadon tiyata sau ɗaya zaka sayar wa asibiti sai bayan shekara goma sha, amma safar hannu da zare duk sati. Sababbin shiga suna son babban inji don suna ganin riba ɗaya mai kauri, sai injin ya shekara a shago yana shan ƙura kuɗinsu a kwance.

A zaren ma akwai sauyi. Da katgot ne sarki, wanda ake yi da hanjin dabba, Turai sun daina amfani da shi tun lokacin cutar haukan shanu amma mu har gobe yana tafiya saboda araha. A hankali likitoci matasa suna komawa irin Vicryl da 'yan uwansa na Indiya masu sauƙin kuɗi, shima narkewa yake a jiki cikin kamar wata biyu amma bai fiya tayar da kumburi ba. Ragar ƙaba ita ma ta fara karɓuwa, da ɗinkewa kawai ake yi sai ka ga mutum ya dawo bayan shekara biyu abin ya sake fitowa. Wani abin mamaki, an gwada gidan sauro da aka dafa a madadin ragar, a Indiya aka fara, a Yuganda kuma akayi gwaji sosai aka buga sakamakon a 2016 aka ga kusan ba bambanci. Ba cewa nayi ka yanko na ɗakinka ba don Allah, irin robar da yadda ake dafa ta duk da ƙa'ida.

7. Zan buɗe ƙaramin ɗakin tiyata, in sayi ƙarafan Jamus ko na Pakistan?

Ka haɗa. Na Pakistan hawa-hawa ne, akwai mai kyau wanda zai yi maka shekaru, akwai wanda dafawa uku ya fara tsatsa a gaɓa. Shawarata kullum, ka kashe kuɗi a kan abu biyu, mariƙin allura da almakashin yankan nama, don su ne hannun likita. Sauran irin su kwanuka da maƙalan zane da ƙarfen buɗe ciki, na Pakistan mai kyau ya isa.

Kuma kar kaji kunyar gwadawa a gaban mai kaya. Almakashi, ka yanka tsohuwar safar hannu da bakinsa na ƙarshe, in ya tauna maimakon ya yanke ajiye shi. Hantsakin jijiya, ka rufe shi a haƙorin farko ka ɗan buga shi a gefen tebur, in ya ɓalle da kansa to haka zai ɓalle a cikin cikin mutum. Ka ɗaga shi saitin haske ka duba ko bakin ya haɗu ruf. Mariƙin allura kuma ka damƙi allura ka murɗa ta da yatsa, bai kamata ta juya ba. Masu hannu ruwan gwal alama ce ta an sa musu wani ƙarfe mai tauri a baki, amma fa na sha ganin wanda fenti ne kawai, har da tambarin Jamus a jiki an buga shi a karkace.

8. Ya zan gane jabu, musamman zare da safar hannu?

Farko lambar NAFDAC, su ke da alhakin rajistar kayan asibiti ba magani kaɗai ba, rajistar kuma shekara biyar take yi a sabunta. Suna da kundi a intanet da ake kira Greenbook, ka duba ko lambar ta dace da sunan kayan, don ana ɗaukar lambar wani abu a manna wa wani. Sai lambar rukuni da ranar lalacewa, na jikin kwali da na jikin ledar ciki dole su zo ɗaya. In kaga an liƙa sabuwar takarda a kan kwanan wata, ka ɓanɓare ka gani.

Na taɓa tsayawa a aiki ana rufe cikin wata baiwar Allah zare ya tsinke sau uku a hannun likita, na huɗu allurar ce ta rabu da zaren, sai da muka tsaya muna lalube da hantsaki har aka gano ta. Da muka duba kwalin daga baya rubutun ma ya sha bamban da wanda muka saba. Tun ranar in farashi ya yi araha fiye da hankali bana taɓawa, araha bata ado. Hukuma tana ƙoƙari, a Fabrairun 2024 an tashi masu magani daga Sabon Gari aka ce su koma Dangwauro, a Fabrairun 2025 kuma NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota da Onica da Aba tayi bincike, amma mai saye shi ne mai gadin ƙarshe.

9. Injin gwanjo fa, wanda aka yi amfani da shi a Turai ko Amurka?

Ba haramun bane, asibitoci masu zaman kansu da yawa da shi suka tashi, kuma tun tashin dala kasuwarsa ta ƙara buɗewa. Tsohon dayatami na Valleylab in ka samu mai lafiya zai iya binne sabo na banza guda biyu. Amma kafin ka biya ka tambayi abu uku. Wutarsa nawa, don na Amurka 110 ne mu kuma 230, an ƙona injina da yawa ranar farko saboda wani ya soka kai tsaye. Abin da yake ci ana samunsa a nan, don akwai injin da sai da wayarsa ko farantinsa na kamfanin kaɗai zai yi aiki. Sannan waye zai gyara shi in ya tsaya, sunansa da garin da yake, ba wai "akwai wani a Legas" ba.

In injin sa barci ne ka duba tukunyar maganin da ke jikinsa. Halotan, maganin sa barcin da muka saba da shi, yana ƙarewa a duniya, masu yinsa sun janye, kowa yana komawa aisofuloren, kuma kowanne da tukunyarsa. Kar a sayar maka da wanda zaka rasa abin zuba masa. Maganar wuta kuma duba ta 10.

10. Wace rawa wutar lantarki ke takawa a abin da asibitoci ke saye?

Babba, har na kan ce NEPA ce ke zaɓa wa asibiti kaya ba likita ba. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane yunit, manyan asibitoci suke kuka da bil, ƙananan kuma dama janareta ne, ga dizal. Shi yasa yanzu kowa fitilar LED mai batir yake nema maimakon tsohuwar mai zafi da cin wuta, allon dubawa mai batir, injin tace oksijin da zai iya tafiya a kan sola da inbata. Akwai ma injin sa barci da aka ƙera musamman don irin ƙasashenmu, ko wuta ta ɗauke ko silinda ta ƙare zai cigaba da iskar ɗaki.

Inda abin yafi ciwo otokilef ne, don shi yana jan wuta sosai, sai ya kai zafi digiri 121 ya zauna a nan aƙalla minti 15 ba tare da yankewa ba. In wuta ta ɗauke a tsakiya to daga farko za'a sake, kuma ba kowa ke da haƙurin sakewa ba, Allah dai ya kyauta. Ga asibitin karkara ni na kan ce su sayi wanda ake ɗorawa a kan gas ko risho ya zama na ko-ta-kwana, su kuma riƙa sa tef ɗin da ke canza launi a kowane ƙunshi.

11. Ana ta maganar tiyatar kyamara da ta mutum-mutumi, nan kasuwar ta nufa?

Ta kyamara, wato laparoskopi, eh tana zuwa. Huda uku ko huɗu ƙanana maimakon a tsaga ciki, mutum ya tashi da wuri, tabo kaɗan. Asibitin koyarwa na Ile-Ife sun daɗe suna yi, manyan asibitocin koyarwa na arewa ma ana yi, masu zaman kansu a Abuja da Legas kuwa har talla suke da ita, musamman ɓangaren mata da cire matsarmama. Abin da ya sauko da ita kusa shi ne na'urorin Chana da Indiya da basu kai rabin kuɗin na Jamus ba. Amma tana son iskar kabon a silinda, tana son wuta tsayayya, tana son nas da ta iya wanke madubin ba tare da ta fasa shi ba, kuma dole a sa mutum barci gaba ɗaya, allurar baya bata wadatarwa yawanci.

Mutum-mutumi kuwa, irin wanda ake kira "da Vinci" da Amurka ta amince da shi tun 2000, kuɗinsa ya haura dala miliyan ɗaya banda hidimar shekara-shekara. Za'a gan shi a asibiti ɗaya biyu na masu hali, za'a ɗauki hoto, amma ba shi zai ciyar da ɗan kasuwar Kano ba. Asibitin da injin zuƙe jininsa da ƙafa ake taka shi ba mutum-mutumi ne a gabansa ba.

12. Gwamnati zan riƙa sayar wa ko asibitocin kuɗi? Kuma 'yan Nijar suna saye?

Gwamnati oda babba, biya kuma sai ta Allah. Na taɓa kai wa wani asibitin gwamnati kaya, ba zan faɗi suna ba, takardata ta shekara tana yawo daga ofis zuwa ofis, ranar da aka biya ni kuɗin ko rabin kayan ba zasu sake sayowa ba saboda abin da na faɗa a ta 3. In jarinka bai kai ka manta da kuɗi wata tara ba kar ka soma. Jihohi da yawa yanzu suna da hukumar sayen magani da kayan asibiti a dunƙule, Kano ma akwai, in ka samu shiga jerinsu yafi bin asibiti ɗaya-ɗaya. Masu zaman kansu oda ƙarama amma kuɗi na juyawa, sai dai su ma akwai 'yan "zan turo anjima".

Nijar kam ana ciniki, daga Maraɗi da Damagaram ana zuwa sari Kano, kuma faɗuwar naira ta sa sefa ta yi ƙarfi kayanmu suka yi musu sauƙi. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya tsayar da abin cak na watanni, har Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Ka lura dai likitocinsu da Faransanci suka yi karatu, sunan kayan ya bambanta, gara ya turo maka hoto ta WhatsApp kafin ka ɗaure kaya.

13. A ganinka ina kasuwar zata kai nan da 'yan shekaru?

Hasashe ne nawa ba wahayi ba. Ina ganin Chana da Indiya da Turkiyya zasu cigaba da cinye kason Turai, don ingancinsu yana hawa kuɗin mutane kuma baya hawa. Ina ganin abubuwa masu sauƙi irin sirinji, gos, rigar tiyata, robar ƙarin ruwa za'a ƙara yinsu a gida in dala ta zauna kuma aka bar sassaucin nan na tambaya ta 4 ya daɗe, shekara biyu tayi kaɗan wa mai kafa masana'anta. Zare da ƙarafa masu kyau kuwa zamu daɗe muna shigowa da su. Sama kuma za'a samu 'yan manyan asibitoci na zamani irin wanda bankin Afreximbank ya buɗe a Abuja a Yunin 2025 don tare masu tafiya Indiya da Masar, amma su kai tsaye suke sayayya daga kamfani, ɗan tsakiya baya ganin komai.

Abin da zai juya kasuwar da gaske inshora ce. Ranar da manomi a Ɗanbatta zai shiga asibiti da kati a yi masa ƙaba ba tare da ya sayar da akuya ba, ranar odar kowa zata ninka.

14. Ina da ɗan jari, ta ina zan shiga?

Ka fara da na yarwa kala biyar ko shida, asibitoci kaɗan da kake iya zagayawa a babur, daga dila mai rajista, kuma ka ajiye kaya inda zafi baya dafa su don safar hannu da zare basa son rana, shagon kwano a watan Afrilu yana kashe su tun kafin ranar lalacewarsu. Kar ka fara da shigo da kaya da kanka, rajistar NAFDAC tana son wasiƙar wakilci daga kamfanin da ya ƙera, ga kuɗi ga jira.

In kuma kai matashi ne mai hannu, ni da zaka ji tawa gyara zaka koya. Kusan duk babban asibitin da na shiga akwai wani ɗaki a baya da aka tara matattun injina, wasu kyauta aka kawo su daga waje ko sau ɗaya basu yi aiki ba, wasu fiyus ne kawai ko robar ƙofar otokilef. Masu gyaran da na sani a Kano basu da yawa kuma wayarsu bata hutawa. Ko wasa almakashi ma sana'a ce, satin da ya wuce wata matron ta nuna min bokiti guda na almakasai da suka dakushe tace ko nasan mai wasawa, don wanda suka kai wa a kasuwa dutsen wuƙar mahauta ya sa musu ya cinye bakin gaba ɗaya.